Yadda ake nuna wa ɗalibai ƙwayar halittar tsiro da ta dabba da albasa ɗaya da tsinken auduga

Wannan bayani na sabon malamin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, ne da aka ba shi darasin ƙwayar halitta, ƙaramin tubalin da aka gina jikin tsiro da dabba da shi, a kolej ko lise a nan Maraɗi, ya tarar da mikroskof ɗaya ko biyu a cikin kabad, bai kuma taɓa jagorantar aikin da kansa ba. Aikin ba shi da wuya. Awa biyu sun isa yara su ga ƙwayar albasa da ƙwayar bakinsu, su zana, su faɗi bambancin da kansu. Abu ɗaya ne zai sa ka yi nasara ko ka sha kunya a gaban aji: sirantar abin da ka ɗora a kan gilashi. Haske ne yake ratsa shi ya iso idonka, in ya yi kauri baƙi kawai za ka gani.

Kayan aiki

Mikroskof mai gilashin ido da ke ninka girma sau 10, da gilasan ƙasa na sau 4, sau 10 da sau 40. In ka ninka na sama da na ƙasa za ka sami girma sau 40, sau 100 da sau 400. Sai lam, wato dogon gilashin da ake ɗora abu a kai, da lamel, siririn gilashin da ake rufewa da shi. Sai reza sabuwa, matsefata, tsinken sakace ko allura, tsinken auduga na goge kunne wanda ba a buɗe ledarsa ba, takarda mai shan ruwa, sirinji marar allura don ɗiga ruwa, ruwa mai tsabta, gishiri, da roba ɗaya mai ruwan jabel don zubar da abin da ya taɓa baki.

Launi iri biyu ake so: ruwan aidin na Lugol don albasa, shuɗin metilen don ƙwayar baki. In babu Lugol, Bétadine mai ruwan ɗorawa ta farmasi tana yi, ka sirka ɗigo ɗaya da ɗigon ruwa uku ko huɗu. In babu metilen, jansiyan ɗin nan mai launin shunayya da ake shafa wa ƙuraje yana kama cibiyar ƙwaya, amma yana da ƙarfi ƙwarai, sai an sirka shi har ya koma fes kana hango yatsanka ta cikin kwalba.

Daga kasuwa kuma: jar albasa irin ta Galmi, mai tauri, wadda ba ta fara tsiro ko ruɓewa ba, da ɗanyen lawashi, da dankali ɗaya. Ka dage a kan jar albasa. Za ka ga dalili a mataki na 5.

In lamel suka ƙare, ka yanka ƴan murabba'ai daga farar roba mai tauri da ake gani ta cikinta, irin wadda ake rufe bangon takardu da ita. Za ta yi maka aiki a sau 40 da sau 100, amma a sau 400 hoton yana dusashewa.

1. Shirya mikroskof kafin yara su shigo

Ka ɗauko shi da hannu biyu, ɗaya a wuya ɗaya a gindi. In lokacin hunturu ne, ƙura ta riga ka zuwa gilasan. Ka hure ta tukuna, sannan ka goge da takardar goge tabarau ko tsumma mai laushi da aka wanke. Kada ka goge da bakin riga, ƙurar Maraɗi yashi ce, tana karce gilashi, kuma karcen ba ya gyaruwa.

In mai madubi ne, ka ajiye shi kusa da taga, ka juya madubin har da'irar da kake gani ta cika da farin haske. Hasken sararin sama ko na farin bango ake nema. Kada madubi ya taɓa kallon rana kai tsaye, ka kuma faɗa wa yara wannan da babbar murya kafin kowa ya sa ido, domin hasken da aka tattara haka yana ƙona ido. In mai lantarki ne kuma babu wuta, tocilan ɗin waya da aka rufe da farar takarda, a ajiye a ƙarƙashin teburin mikroskof, ya wadatar.

Ka saukar da gilashin sau 4 a kan hanya. Kullum da shi ake farawa.

2. Ɓare tantanin albasa

Ka raba albasar huɗu, ka ciro ɓawo ɗaya mai nama daga tsakiya, ka bar busasshen na waje. A cikin kwarminsa, ɓangaren da ya loɓa, akwai wani tantani siriri mai sheƙi. Shi muke nema. Da reza ka tsaga ƙaramin murabba'i da bai wuce rabin santimita ba, ka sa matsefata a kusurwa ka ɗaga. In babu matsefata, ka karya ɓawon baya a hankali, za ka ga tantanin ya riƙe ɓangarorin biyu, sai ka ja ɗaya ya bar maka shi.

Tun kafin ka ɓare, ɗigon ruwa ya kasance yana jira a tsakiyar lam. Tantanin nan yana naɗewa da zarar ya rabu da jikin albasa, a zafin watan Afirilu ko Mayu kuwa kafin ka waiwaya ya bushe. Ka ɗora shi a ruwan, ka baje shi da tsinke har ya kwanta shimfiɗe. In ya ninku, za ka ga ƙwayoyi bisa ƙwayoyi, layuka sun sarƙe, yaro ba zai gane komai ba. Yara suna son yanko babban yanki, a ganinsu shi zai fi nuna abu. Ka hana su. Ƙarami ya fi kwanciya.

3. Sa launi da rufe lamel

Ka ɗiga ɗigo ɗaya na aidin a kan tantanin, ka jira minti ɗaya ko biyu. Ka kama lamel ta gefuna, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Ka kafa gefe ɗaya a bakin ruwan, ka tallafi ɗaya gefen da tsinke a karkace, sannan ka sauke shi sannu sannu. Ruwan zai bi gilashin yana korar iska a gabansa. In ka sake shi daga sama ya faɗa, ka kulle kumfa a ciki.

Kumfa ita ce babbar mayaudariya a wannan darasi. A mikroskof tana fitowa zagaye cif, da baki mai kauri baƙi ƙirin, tsakiya fari, kyakkyawa har ta fi ƙwayar gaske ɗaukar ido. Yaro zai zana ta da murna ya kawo maka. Dabarata ita ce in yi lam ɗaya mai kumfa da gangan, in sa kowa ya leƙa tun farko, a san fuskarta.

Ruwan da ya malalo gefe ka tsotse shi da takarda. Ƙasan lam ya zama busasshe.

4. Dubawa da zane

Ka ɗora lam a teburin mikroskof, tantanin daidai kan ramin haske. Kana kallo daga gefe, ba ta gilashin ido ba, ka kusanto da gilashin ƙasa kusa da lam. Sannan ka sa ido, ka juya babban majuyi yana nisanta su har hoto ya fito. Wanda ya yi akasin haka, ido a sama yana kusantowa, shi ne yake fasa lamel, wani lokaci har da gilashin mikroskof. Da ka hau sau 40 na ƙasa, ƙaramin majuyi kaɗai ake taɓawa. Ka kuma gaya wa yara hoton a juye yake: in sun tura lam dama, za su ga ya tafi hagu.

A girma sau 100 za ka ga ƙwayoyin albasa dogaye, a jere, kowace manne da ƴar'uwarta kamar tubalan gini, babu rata a tsakani. Layukan da suka raba su su ne bangon ƙwaya. An gina shi da selulos, abin da zaren auduga kusan duka shi ne. Aikinsa riƙe siffar ƙwaya da hana ta fashewa in ta sha ruwa. Cikin mutum ba ya narkar da selulos. Jar akuyar Maraɗi da take cin harawa ta yi ƙiba, ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke narkar mata da shi.

A cikin kowace ƙwaya ka nemi ɗan dunƙule zagaye da aidin ya rina ruwan ƙasa, sau da yawa a jingine da bango. Cibiyar ƙwaya ke nan. A nan DNA take, umarnin gina ƙwayar da tafiyar da ita, kuma daga nan rabuwa take farawa. Albasa tana da kuromozom, wato zaruruwan da DNA take naɗe a ciki, guda 16 a kowace cibiya, mutum 46. Abin da ya tura cibiyar gefe shi ne jakar ruwa, bakuwol, wadda a ƙwayar tsiro da ta girma take cinye mafi yawan wurin. A tantanin ciki ba ta da launi, don haka tsakiyar ƙwayar take kama da fili. Sitofilazma, ruwa mai yauƙi da sauran sassa suke zaune a ciki, an matse ta ta zama siririn layi tsakanin jaka da bango. In ka rage ƙofar haske da ke ƙarƙashin teburin mikroskof kaɗan a sau 400 za ka ga tana da ƴan tsaba-tsaba. Haske mai yawa yana wanke hoto, sababbin malamai kuma suna buɗe shi duka.

Yanzu zane. Fensir, ba bik ba. Ƙwayoyi uku ko huɗu manya, layi ɗaya marar tsinkewa, babu shafe-shafen inuwa, sunaye a gefe da layin rula, take da yawan girma a ƙasa. A nan nake tsauri. A rufe littafi. In ka bar shi a buɗe, rabin aji za su kwafo maka hoton da ke ciki, da mitokondiriya da ribozom da komai, alhali babu wanda ya gan su. Mikroskof na haske ba ya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na mikiron, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ribozom da ke ƙera furotin sun fi haka ƙanƙanta nesa. Mitokondiriya da ke fitar da ƙarfi daga sukari da iskar oksijan suna nan a ƙwayar albasa da ta baki duka, amma ba da wannan launin ake ganinsu ba. Hoton littafi an haɗa shi ne daga mikroskof na elektaron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera na farko a Jamus a 1931. Ka faɗa wa yara haka ƙarara, don kada su ɗauka idonsu ne ko na'urar makarantarsu ke da laifi.

In lokaci ya ba ka, ka sa su auna. Ɗora farar rula ta roba da ake gani ta cikinta, ka duba a girma sau 100, faɗin da'irar yakan kai tsakanin milimita ɗaya da rabi da milimita 2. Mayar da albasa, ƙirga ƙwayoyi nawa suka jeru a tsawonsu daga baki zuwa baki, raba. Amsar takan zo kusa da kashi ɗaya cikin huɗu na milimita.

5. Fito da fatar ƙwaya da ruwan gishiri

Wani yaro zai tambaye ka: “Mushe, ina fatar ƙwaya da ka rubuta a allo?” Tambaya ce mai kyau. Kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na mikiron ba, kuma tana manne da bango. Ba za ka nuna ta ba, amma za ka iya sa ta tona kanta.

Wannan karon ka ɓare jan tantanin da ke bayan ɓawon. Ya fi taurin kai, yana zuwa da nama, don haka ka tsaga shi sama-sama ka ja a kwance, ka duba bakin yankin inda ya fi siranta. Kada ka sa aidin, ruwa kaɗai. Za ka ga ƙwayoyi cike da ja mai ruwan shunayya daga bango zuwa bango. Launin yana cikin jakar ruwa ne, yau ga ta a fili.

Ka jiƙa cokalin shayi ɗaya na gishiri a mililita 100 na ruwa. Ɗiga ɗigo biyu a gefe ɗaya na lamel, ka sa takarda a ɗaya gefen ta ja ruwan ya ratsa ta ƙasa. Kada ka ɗaga lamel. Cikin ƴan mintuna jan launin zai fara janyewa daga kusurwoyi, yana tattaruwa tsakiya, yana ƙara duhu, bango kuwa yana nan inda yake. Bakin abin nan da ya janye, nan fatar ƙwaya take. Ruwa ya fita ta cikinta zuwa inda gishiri ya fi yawa, gishirin kuma ba ta bar shi ya shiga da sauƙi ba. Aikinta ke nan: zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Bango ba ya zaɓe, ruwan gishirin ya ratsa shi ya cika filin da aka bari.

Sai ka ja ruwa zalla ta hanya ɗaya, sau biyu ko uku, launin ya sake kumbura ya koma jikin bango. In an bar shi a gishiri ya daɗe, ƙwayoyin sun mutu, ba za su dawo ba. Ka tambayi ƴan mata me ke faruwa da salak ko yankakkiyar albasa in an barbaɗa gishiri aka bar su a faranti. Sun san amsar tun daga gida. Haka ganyen zogale da aka tsinko daga Jiratawa da safe yake yaushi kafin azahar: jakunkunan ruwa sun sace, babu abin da ke tura bango.

6. Ƙwayar dabba daga cikin kunci

Kowa ya kurkure baki, musamman wanda ya sha fura ko ya ci goro, in ba haka ba gari da ɓarɓashi za ku yi ta kallo. Kowane yaro da tsinken audugarsa, da lam ɗinsa. Ya goga a cikin kuncinsa a hankali kamar sau biyar, ba sai ya ji zafi ba, ƙwayoyin saman nan dama zubewa suke kullum. Ya murza audugar a tsakiyar lam, ya jefa tsinken cikin jabel nan take. Ɗigo ɗaya na shuɗin metilen, minti ɗaya, lamel, tsotse ragowar. In darasin ya faɗo cikin azumi, wasu za su ƙi sa abu a baki, kada ka ja da su, ka ɗaga wannan mataki ko ka bi hanyar hanta da ke ƙasa.

Nemansu ya fi na albasa wuya. A sau 40 ƴan ɗige-ɗige ne shuɗɗa a warwatse. Ka kai ɗaya tsakiya, ka hau sau 100, sannan 400. Ƙwayar shimfiɗaɗɗiya ce, faɗinta kamar mikiron 50 zuwa 60, gefenta ba shi da tsari, wata ta naɗe, wasu sun taru uku ko huɗu. Cibiya tana tsakiya, shuɗi mai duhu. Babu bango, babu babbar jakar ruwa. Ƴan mitsi-mitsin ɗigo da sanduna masu duhu da ke manne a jikinta bakteriya ne na baki, kowa yana da su, ka faɗi haka da wuri kafin a fara yi wa mai lam dariya.

In an ƙi na baki, ka sayo ƴar hanta sabuwa wurin mahauci, ka kankari kaɗan da bakin reza, ka murje a ɗigon ruwa mai gishiri giram 9 a lita, ka sa metilen. Ƙwayoyin hanta sun fi ƙanana, wasunsu ma cibiya biyu gare su. Wannan ma'auni na giram 9 shi ne na ledar ruwan gishiri da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti. Ƙwayar dabba ba ta da bangon da zai tare ta, in ta sami kanta a ruwa zalla sai ta yi ta sha, jan ƙwayar jini har fashewa take yi. Jinin mutum kuwa ba a fitar da shi a aji, ko da yaro ya miƙo yatsa da kansa.

7. Ina koren?

Allo ya ce ƙwayar tsiro tana da kuloroflas, ga albasa babu ko ɗaya. Kwan albasa rumbun ajiya ne, ba ya aikin haske, don haka ba ya buƙatarsu. Ka ɗauki lawashi ɗanye, ka karya ka ja fatarsa ta waje, ka ɗora a ruwa ba launi. Tsakanin dogayen ƙwayoyi za ka ga ƙananan ƙofofi, kowace da ƙwayoyi biyu masu lanƙwasa a gefenta, a cikinsu ƴan ƙwallaye kore. Su ne kuloroflas, inda ake haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon da hasken rana. Inda ɗan koren nama ya biyo fatar za ka gan su da yawa. Gansakuka mai zare-zare daga bakin tafki ko kududdufi ita ma tana nuna kore sosai, zare biyu ko uku sun isa.

Sai ka kankari dankali, ɗigon ruwa, ɗigon aidin da aka sirka. Ƙwallayen sitaci za su koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. Tsiro da sitaci yake ajiyar abinci, dabba da gilaikojin a hanta da tsoka.

Bayan wannan ka raba allo biyu, su yaran su cika shi daga zanensu. Fata, sitofilazma da cibiya a duka biyun. Bango, babbar jakar ruwa da kuloroflas a ɓangaren tsiro kaɗai. Tarihi jimla biyu ya ishe su: Robert Hooke a Ingila ya ga ɗakunan nan a ɓawon itace a 1665, abin da ya gani kuwa bangon matattun ƙwayoyi ne. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann a Jamus suka ce tsiro da dabba duka da ƙwayoyi aka gina su.

8. In aji ya yi yawa ko babu mikroskof

Ka raba su rukuni, kowane rukuni ya shirya lam ɗinsa yayin da wani yake dubawa, ka tsaya kai da kanka kusa da majuyi. Lam da ke jiran layi yana bushewa, ka riƙa ƙara ɗigon ruwa a gefen lamel. Kyamarar waya da aka riƙe daidai bisa gilashin ido, da ƴar tazara, tana ɗaukar hoto mai kyau in hannu bai rawa, sai a zagaya da shi. Amma kowa ya sa idonsa ko sau ɗaya.

In babu na'urar sam, ka nemi aro daga makarantar da ke kusa, ko ka nemi izini rukuni kaɗan su ziyarci ɗakin gwaji. Ƙaramin gilashin da ke bakin tocilan ɗin leza na wasan yara, in an manna shi a kan kyamarar waya, yana nuna layukan ƙwayoyin jar albasa, ko da yake cibiya sai an yi sa'a. Akwai kuma Foldscope, mikroskof na takarda da aka ƙirƙira a jami'ar Stanford ta Amurka, mai ninka girma sau 140, in ka sami mai kawo maka.

Da an gama, lam ɗin baki da na hanta su kwana a jabel kafin a wanke da sabulu. Reza ka ƙirga ka karɓe da hannunka. Lamel da ya fashe a naɗe a takarda kafin a zubar. Ka mayar da gilashin sau 4 kan hanya, ka goge teburin mikroskof domin ruwan gishiri da aidin suna cin ƙarfe, ka rufe shi da leda ka ɗaure bakin, sannan ya koma kabad.